WASAN ZANEN MUTUM A MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

Kowa ya san sunan hannunsa da na ƙafarsa. Amma faɗin suna daban, rubuta shi daban. Akwai wani wasa da ke taimakon ɗalibai wajen wannan aiki. Ba shi cin kuɗi. Babban allo, da alli, da ƙwarya, da guntayen takarda sun isa.

Ga yadda ake yin shi.

Malami shi rubuta kalmomi 10, kowace bisa takardarta: kai, ido, hanci, baki, haɓa, wuya, kafaɗa, hannu, ciki, ƙafa. Shi naɗe su, shi zuba cikin ƙwarya. Ɗalibai su rabu kashi 2. A raba allo biyu, kowane kashi da gefensa.

Mutum ɗaya shi taso, shi ɗauki takarda. Shi karanta da ƙarfi, kowa shi ji. Sannan shi zana gaɓar da ya karanta. Shi ajiye takardar, shi rubuta sunan kusa da zanen ba tare da ya duba ba. In ya karanta daidai, kashinsu ya sami tsakuwa 1. In ya rubuta daidai, a ƙara musu 1. In ya kasa, ƴan kashinsa su taimake shi. Daga nan sai ɗan wancan kashi shi taso. In takardu sun ƙare, a mayar da su ƙwarya a ci gaba, har kowane kashi shi cika mutuminsa. A ƙidaya tsakuwa.

Ba a neman gwanin zane. Wani lokaci ƙafa ke fitowa kafin kai, ko hanci shi fi ciki girma. Sai dariya ta tashi. Mai jin nauyin fitowa gaban jama'a ma, sai shi saki jiki.

Mine ne amfanin wasan?

Na farko, shina koya baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ cikin haɓa, ɗ cikin kafaɗa, ƙ cikin ƙafa. Lanƙwasar nan ba ado ba ce. Baki daban, baƙi daban. Ƙafa ta tafiya ce, kafa kuwa ta ɓera.

Na biyu, shina da amfani ranar ciwo. Mai gida ya tafi cin rani, yaro ya kwanta. Matar da ta iya rubuta "wuyansa ya sanƙare, jikinsa da zafi" ta isar da saƙo sosai. Waɗannan alamun sanƙarau ne, ciwon da ya fi yawa lokacin zafi da ƙura. Irin wannan yaro, likita ake kai shi nan take, ba a jiran amsar wasiƙa.

In ɗalibai sun riƙe kalmomin nan 10, malami shi kawo sababbi: goshi, kunne, haƙori, ƙirji, gwiwa. Wata rana a zana raƙumi ko sa, a koyi tozo, ƙaho da wutsiya.

Da sannu-sannu, wanda ya rubuta sunan hannunsa zai rubuta wasiƙa da hannunsa.