Kakakin Makiyayan Suwizalan Da Ya Kusa Ɓacewa

Duk wanda ya taɓa zuwa hawan Sallah ya san kakaki, dogon abin busan nan na fadar sarki. To, mutanen Suwizalan ma suna da nasu, sai dai ba na ƙarfe ba ne, na itace ne, kuma asalinsa na makiyaya ne ba na sarakuna ba. Sunansa alfon, wato ƙahon tsaunukan Alps. A da, da shi suke kiran shanu, suna kuma aika wa juna saƙo daga wannan tsauni zuwa wancan.

Aikin yana farawa ne daga daji. A da, masassaƙi yakan hau gangaren dutse yana neman wata bishiya mai suna sufurus wadda nauyin dusar ƙanƙara ya tanƙwara gindinta tun tana ƙarama. Wannan tanƙwarar ita ce za ta zama bakin ƙahon mai faɗi. Idan ya sare ta, sai ya ajiye itacen ya bushe, abin da kan ɗauki shekaru.

Bayan nan sai ya tsaga shi biyu ta tsawo, ya rarake cikin kowane ɓangare kamar mai sassaƙa akushi, har kaurin jikin ya koma 'yan milimitoci kaɗan. A nan gwaninta take, domin idan wani wuri ya fi wani kauri, muryar ba za ta fita daidai ba. Sai ya haɗe su da gam, ya naɗe da kwagiri don kada ya tsage. Tsawonsa yakan kai kimanin mita 3.4. Ba shi da ramukan yatsu ko ɗaya. Da leɓe da numfashi kaɗai mabushi ke sauya murya. Yau yawanci gida uku ake yin sa, domin a iya kwance shi a sa a jaka.

Tun a 1555 masani Conrad Gessner ya rubuta bayaninsa, amma daga baya makiyaya suka yi watsi da shi. A bikin Unspunnen na 1805, kusa da garin Interlaken, mutum biyu kacal suka fito gasar busa. Ganin haka, a shekarun 1820 aka sa aka sassaƙa sababbi, aka tara samari a ƙauyen Grindelwald ana koya musu. Yanzu kowace shekara mabusa kan cika garin Nendaz da biki.

Da waɗancan samarin sun ce wannan kayan tsofaffi ne, da sai a gidan tarihi za a gan shi. Wannan hutun, ka leƙa wurin masassaƙi ko maƙerin unguwarku, ka tambaye shi yara nawa ke koyo a hannunsa.