A Tafkin Gatun: A Sauka ko a Zauna Cikin Jirgi?

Wanda ya sayi tikitin jirgin ruwan shaƙatawa da zai bi mashigin Panama, kamfani zai aiko masa da jerin wuraren yawo a tudu, kowanne da kuɗinsa. Kafin ya zaɓa, gara ya duba wace irin tafiya ya saya, domin iri biyu ce.

Akwai cikakkiyar ƙetarawa, inda jirgi ke shiga ta Tekun Atlantika ya fita ta Fasifik, ko akasin haka, tafiyar kilomita 80 cikin awa takwas zuwa goma. A wannan galibi ba a sauka a tsakiya, don haka babu abin wahalar da kai. Mai sa mutum tunani ita ce ta rabi, wadda jiragen da ke tasowa daga Florida suka fi yi: jirgi ya hau zuwa Tafkin Gatun da safe, ya tsaya, ya juyo ta inda ya shigo.

Hawan nan shi ne abin kallo. Tafkin ya ɗara teku tudu da kusan mita 26, saboda haka aka gina ɗakunan ruwa uku a jere a Gatun, kowanne da manyan ƙofofin ƙarfe. Jirgi ya shiga na farko, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwan tafki ta ramukan da ke ƙasan ɗakin har ya ɗaga shi, sannan a buɗe ta gaba. Babu famfo ko ɗaya a aikin, ruwa ne ke gangarowa da nauyinsa, kamar yadda yake yi tun da aka buɗe mashigin a 1914. Kowace cikakkiyar ƙetarawa tana zubar da wajen lita miliyan 200 na ruwan daɗi cikin teku, shi ya sa farin 2023 ya tilasta rage yawan jiragen da ke wucewa. Faɗin tsofaffin ɗakunan mita 33.5 ne. Jirgin da aka ƙera daidai da su, abin da ke tsakaninsa da bango bai wuce kamu ɗaya da ɗoriya ba a kowane gefe, sai ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu lantarki da ke tafe a gefe su riƙe shi da igiyoyin ƙarfe kada ya gogi bango.

Duk wannan kowa zai gani, mai sauka da mai zama, tunda sai an hau tafkin ake rabuwa. A can ake sauke ƙananan jirage su kwashi masu yawo zuwa gaɓa, kuma wanda ya biya kuɗin yawon kamfanin ne kaɗai ake bari ya sauka. Babu maganar mutum ya fita ya nemi tasi da kansa. Jirgin kuwa ba ya jiransu: zai gangara ya je tashar Colón, a can motoci za su kawo su da yamma.

Mai zama yana da ribarsa. Da asuba mutane kan yi cincirindo a goshin jirgi, sai ka ɗaga waya sama kafin ka sami hoto. Da rana kuwa jama'a sun ragu, kana iya bin jirgin daga gaba zuwa baya, ka sauko bene na ƙasa inda bangon siminti ke tasowa a gabanka yayin da jirgi ke sauka, ka koma baya ka ga ƙofofi na rufuwa. Ga inuwa, ga abinci, ga ɗakinka kusa. Ga dattijo ko mai ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin zafin Panama mai gumi ne.

Sai dai mai zama ɓangare ɗaya ya gani sau biyu. Bai ga Culebra ba, wato yankan dutse mai tsawon kusan kilomita 13 wanda ya fi ko'ina ba maginan wuya saboda zaftarewar ƙasa. Bai ga ɗakin Pedro Miguel da biyun Miraflores ba, bai kuma ga Fasifik ba. Akwai yawon da ke cike wannan giɓi: a kai ka a mota, a sa ka a ƙaramin jirgi ka bi sauran mashigin har teku. A ganina, ga mai zuwan farko da mashigin ya kawo shi, wannan ya fi. Daga ƙaramin jirgi ne ake gane girman ƙofofin, kana ƙasa suna sama. Amma yini guda ne cur, jira ya fi tafiya yawa, domin ƙaramin jirgi yakan jira babban da za a haɗa su a ɗaki ɗaya.

Sauran yawon, kamar tsohuwar unguwar Casco Viejo a birnin Panama ko ƙauyukan mutanen Emberá a bakin kogi, suna da kyau, amma rabuwa da mashigin ne gaba ɗaya, ga doguwar tafiyar mota zuwa da dawowa.

Sannan a tambayi kamfani ta waɗanne ɗakuna jirgin zai bi. Manyan jiragen zamani suna bin sababbin da aka buɗe a 2016, Agua Clara a gefen Atlantika da Cocolí a gefen Fasifik, masu faɗin mita 55. A can babu kawunan jirgin ƙasa, jiragen ja ne ke riƙe da jirgi, ƙofofin kuma zamewa suke yi gefe. Idan jirginka na wannan layi ne, yawon ƙaramin jirgin ya ƙara daraja, don ta tsofaffin ɗakunan 1914 yake bi.