Yadda manhajar kwamfuta ke ƙera sautin da ake gwada ji da shi

A gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, ƙarar injin ban ruwa da ta injin cashe shinkafa ta zama ruwan dare. Wannan ƙara tana cin kunne a hankali. A ƙa'idar wuraren aiki, ƙarar da ta kai desibel 85 bai kamata a wuce awa 8 a cikinta ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne kuwa, in sun mutu ba sa dawowa.

Abin da ke fara tafiya shi ne siririn sauti, wajen hez 4,000. Mutum yana jin ana magana, amma a cikin hayaniyar kasuwar Kwanar Gafan sai kalmomi su riƙa kuɓuce masa. Gano hakan da wuri yana buƙatar sautin gwaji da aka auna daidai, kuma a yau manhaja ce ke ƙera shi.

Audacity, wadda kyauta ce, tana fitar da tsantsar sauti a kan kowane hez da aka zaɓa. Praat, da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana ɗaga murya ko sauke ta ba tare da an canza kalmar ba. Hakan na da amfani ga Hausa, domin karin sauti ne ya raba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala. Mai bincike zai iya ɗaukar kalma ɗaya ya riƙa sauya karinta kaɗan-kaɗan, ya ga inda mai sauraro zai ce ma'ana ta juya.

A waya ma akwai irinsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hearWHO, wadda ke karanto lambobi uku-uku a cikin shuuu, mai sauraro ya danna abin da ya ji. In ya dace, sai na gaba ya ƙara wuya. Da Turanci ta fara, ga shi kuma manomi da yawa da Hausa yake lissafi. Nan matasa masu rubuta manhaja ke da dama: daga ɗaya zuwa tara, kowace lambar Hausa gaɓa biyu ce, abin da ke sauƙaƙa daidaita tsawonsu, sai dai "bakwai" da "takwas" na buƙatar kulawa saboda kamanninsu.

Amma waya ba asibiti ba ce. Ƙarfin sauti ya bambanta daga abin saƙala wa kunne zuwa wani, don haka sakamakon manuniya ce kawai. Wanda makinsa ya yi ƙasa, sai ya nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a auna shi da na'urar da aka saita.