Ido, Duhu Da Tsoro: Daga Kwarin Aljannu Na Madina Zuwa Hoton Wasan Kwamfuta

A cikin shirinmu na kimiyya na wannan mako za mu duba yadda a ke zana hoton talla na wasannin kwamfuta masu ban tsoro, da dalilin da ya sa wani hoto ya kan sa gaban mutum ya faɗi, wani kuwa a wuce shi ko a jika. Amma kafin mu kai ga hoton, bari mu fara da idon da zai dube shi.

Kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da birnin Madina akwai wani kwari da a ke kira Wadi al-Baida, amma sunan da ya fi bin bakin mutane shi ne Wadi al-Jinn, watau Kwarin Aljannu. Alhazanmu da yawa sun je sun gani. Direba ya kan tsai da mota, ya fid da giya, ya saki birki, sai ga mota ta kama tafiya da kanta, tana nufar wajen da kowa zai rantse hawa ne. In an zuba ruwa a kan kwalta, shi ma can ya ke malala. Waɗansu sun ce maganaɗisu ne a cikin duwatsun wurin, amma maganaɗisu ba ya jan ruwa. Gaskiyar magana ita ce hanyar gangara ce. Duwatsu sun tare wurin da sama ta haɗu da ƙasa, wanda shi ne ma'aunin da ido ya saba dogara a kansa, saboda haka sai ƙwaƙwalwa ta yi kintace, ta kuwa yi kuskure. Akwai irin wannan hanya a Sikotilan, ana ce mata Electric Brae.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. To, ga shi kimar ta kan ɓace. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda aka haifa wajen shekara ta 965, ya bayyana a cikin littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da a ke dubawa, kuma gani ba ya cika sai hankali ya yanke hukunci a kan abin da ido ya kawo masa. In labarin da ido ya kawo bai cika ba, hankali ya kan ƙarasa shi da kansa. A kan wannan ne sana'ar mai zanen ban tsoro ta tsaya.

Yanzu ga matsalar da ke gabansa. Yawancin wasannin kwamfuta ba a kanti a ke sayensu ba, a kasuwar intanet ne, babbar cikinsu kuwa ita ce Steam, wadda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003. A shekara ta 2023 kaɗai an kasa sababbin wasanni fiye da 14,000 a wannan kasuwa. Ko wane wasa yana da ɗan hotonsa a jere da na 'yan'uwansa. Ƙaramin hoton da a ke bukata daga mai wasa faɗinsa ɗigo 462 ne, tsawonsa 174, sa'an nan a waɗansu wurare a kan matse shi har ya koma kamar girman kan sarki. Mai saye kuwa ba tsayawa ya ke yi ba, wucewa ya ke yi da yatsa. Ƙasar Sa'udiyya ta sa kuɗi masu yawa a wannan sana'a tun da ta kafa kamfanin Savvy Games a 2021, amma saurayin da ya koyi ilmin kwamfuta a Jami'ar Taibah ta Madina, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekara biyu yana haɗa wasansa a ɗaki, ba shi da kuɗin talla. Wannan ɗan hoto shi ne dillalinsa. In bai tsai da ido ba, wahalarsa ta tashi a banza.

Abu na farko da masu gwanintar aikin su ke amfani da shi shi ne duhu. A bayan idon mutum akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske. Iri guda, wajen miliyan 6, su ne ke rarrabe launi da ƙananan siffofi, amma sai da haske sosai su ke aiki. Ɗaya irin, wajen miliyan 120, su ne ke aiki da dare, amma ba su san launi ba, ba su kuma fayyace siffa. Shi ya sa da magariba igiya ta kan zama maciji, kututture ya zama mutum a tsugune. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai zane ya kan bar yawancin hoton cikin duhu, ya haska wuri guda tak, domin mai kallo ya cika sauran da abin da shi kansa ya fi jin tsoro. Masu wasan Silent Hill, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1999, sun tarar na'urar lokacin ba ta iya zana abu mai nisa, sai suka lulluɓe garin da hazo. Hazon nan da aka sa don rufe kasawa shi ya zama abin da ya fi tsorata mutane. Kakanninmu masu tatsuniya sun riga su sanin wannan, gama ba su taɓa siffanta Dodo daga kai har ƙafa.

Abu na biyu shi ne ido. A cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai waɗansu 'yan curarraki biyu masu kamar ƙwayar gyaɗa, likitoci na kiransu amigdala. Aikinsu kamar na mai gadi ne, su ne ke kaɗa ƙararrawa in haɗari ya matso. A 2004 wani masani a Amurka, Paul Whalen, da abokan aikinsa suka nuna wa mutane farin idon mai firgita kawai, ba tare da sauran fuska ba, na tsawon kashi 17 cikin 1000 na sakan guda. Mutanen ba su ma san sun gani ba, amma na'urar duba ƙwaƙwalwa ta nuna mai gadin nan ya motsa. Saboda haka ido guda a zare, cikin duhu, ya fi taron dodanni goma aiki, balle a hoton da za a matse.

Abu na uku shi ne abin da ya yi kusa da daidai amma bai yi daidai ba. A 1970 wani injiniya na Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa mutane su kan so mutum-mutumi gwargwadon kamarsa da ɗan Adam, amma in ya kusa zama mutum sak, saura ƙiris, sai son ya juya ya zama ƙyama da tsoro. Ku dubi bangon wasan Left 4 Dead na 2008: hannu ne guda ɗaya, babu babban yatsa. Ba dodo, ba taron jama'a. Yatsu huɗun sun faɗi sunan wasan, wanda babu kuma ya faɗi irinsa. Ko an matse hoton yaya, ana gane shi.

Sai kuma gaskiya, wadda ita ce ta fi duka muhimmanci. Tun daga Satumba 1, 2022, Valve ta hana rubuta yabon 'yan jarida ko lambobin girma a kan waɗannan hotuna. Zane da sunan wasa su ne abin da ta yarda da su, sunan kuma ya karantu. Har wa yau, tun 2015, wanda ya sayi wasa yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai yi awa 2 yana wasan ba. Watau wanda ya zana abin da babu shi a cikin wasansa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Hoto na gaskiya kuma taimako ne ga iyaye, domin uba ya gane da kallo ɗaya cewa wannan ba na yaro ba ne. A Sa'udiyya tun 2016 hukuma ta ke sa wa wasanni alamar shekarun da suka dace, to amma hoto a ke fara gani kafin alama.

Ga shawara ga mai son gwadawa. Ya gama zanensa, ya ƙanƙanta shi har girman kan sarki, ya cire masa launi, ya jera shi cikin hotunan waɗansu wasanni, sa'an nan ya nuna wa wanda bai san kome game da shi ba na sakan guda. In mutumin ya iya faɗin sunan wasan, ya kuma ce na tsoro ne, aiki ya yi. In bai iya ba, a rage kaya a cikin hoton, kada a ƙara.

Nan za mu tsaya a wannan mako. Wanda Allah ya nufa da ziyarar Madina, in ya je kwarin nan, ya riƙe kwalbar ruwa a kwance ya dubi inda ruwan ya karkata, ya gwada da abin da idonsa ke gaya masa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.