Idan Ɗan Aike Ya Komo Hannu Rabbana: Lamba 404 Da 'Yan'uwanta



Duk wanda ya nemi wani shafi a intanet, aike ya yi. Kwamfutarsa takan tura buƙata zuwa ga wata kwamfuta, watau ma'ajiyar shafin, ita kuma ta maido da amsa tare da lamba mai alƙaluma uku. Ƙa'idar wannan aike, wadda ake kira HTTP, Tim Berners-Lee ne ya aza harsashinta a cibiyar bincike ta CERN, kusa da Janeba, tsakanin 1989 da 1991. Lamba 200 tana nufin buƙata ta biya.

To, amma rashin samu ba iri ɗaya ba ne. Idan ka aiki yaro gidan wani, kowa ya san bambancin "ba ya nan", da "ya tashi daga unguwar", da "ya ce a komo an jima". Haka lambobin nan suke. 404 tana cewa an amsa sallama, amma ba a ga shafin ba. 410 ta fi ta kaifi: an cire shi, kada a dawo. 301 ƙaura ce, har da sabon adireshi. 503 kuwa aiki ne ya yi wa ma'ajiyar yawa, ko ana gyara.

Saboda haka wajibi ne mai rubuta manhaja ya sa ta duba lambar kafin ta taɓa abin da aka aiko. Maimaita buƙata bayan 404 ɓata lokaci ne. Gara a duba rubutun adireshin, ko a nemi tsohon kwafi a rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a 1996. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin cibiyar Pew ta Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke akwai a 2013 ba a samunsu bayan shekara goma. Bayan 503 kuwa, a sake gwadawa, amma da haƙuri: a jira daƙiƙa 1, sa'an nan 2, sa'an nan 4, a kuma yanke iyaka, don kada a ƙara wa mai kaya kaya.

A ganina, mafi haɗari shi ne shiru, watau a aika, lokaci ya ƙure, ba amsa. A nan ba wanda ya san ko saƙon bai isa ba ne, ko ya isa amsar ce ta ɓace a hanya. Idan karatu kawai ake nema, ba laifi a sake. Amma ɗalibin da ke biyan kuɗin rajista, ko akawun da ke tura albashi, idan ya sake latsawa cikin gaggawa, yana iya biya sau biyu. Manhajar kirki takan ba kowane biya lambarsa ta musamman, yadda ma'ajiya za ta gane shi idan ya sake zuwa, ta kuma gaya wa mai biyan da harshen da yake ji cewa ya dakata ya duba asusunsa tukuna.