Hikimar Rarraba Iko a Tsarin Mulkin Nijeriya

Duk wanda ya dubi Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 da idon basira zai tarar cewa waɗanda suka tsara shi, ko da yake sun amince wa jama'a har suka danƙa musu zaɓen shugabanni, ba su saki jiki da wanda za a zaɓa ɗin ba, domin sun ga abin da ya auku a Jamhuriya ta Farko, sa'ad da kowace jam'iyya ta jingina da yankinta, har soja suka kifar da gwamnati a Janairun 1966. Saboda haka tun 1979 aka bar tsarin Ingila mai Firayim Minista, wanda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi mulki da shi, aka ɗauko irin na Amurka, inda ake kasa iko gida uku: masu yin doka, da masu zartar da ita, da alƙalai masu fassara ta.

Babbar hikimar kuwa tana cikin sharaɗin zama shugaban ƙasa, wanda wa'adinsa shekara huɗu ne, kuma ba ya wuce sau biyu. Rinjayen ƙuri'a kaɗai bai isar masa ba, sai ya haɗa da rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada mutum ya hau gadon mulki da mubaya'ar ƙabilarsa kawai, alhali sauran ƙasa ba ta san shi ba. Wannan sharaɗi ya taɓa jawo shari'a mai ban mamaki a 1979, lokacin jihohi suna 19. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe ƙuri'u, bai kai rubu'i ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, hujjarsa ita ce jiha ba ta gutsuruwa, lalle sai an cika 13. Kotun Ƙoli kuwa ta karɓi lissafin cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ta tabbatar wa Shagari kujerarsa. Ko mutum ya gamsu da wannan hisabi ko bai gamsu ba, abin lura shi ne a gaban alƙalai aka yanke husumar.

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Ta Dattawa tana da mutum 109, watau uku daga kowace jiha cikin 36, ƙarama ko babba, da guda daga Abuja. Ta Wakilai kuma 360, bisa yawan jama'a. Mutane da yawa suna zaton aikinsu rabon babura da kekunan ɗinki ne, alhali amanar da ke wuyansu ta fi haka nauyi ƙwarai, gama ba ya halatta a taɓa kwabo daga baitulmali sai sun amince da kasafin kuɗi, ba a naɗa minista sai dattawa sun tantance shi, kuma idan shugaba ya ƙi sa wa doka hannu cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na kowane zaure suna iya zartar da ita ba da yardarsa ba. An ga ƙarfinsu a Mayun 2006, lokacin da dattawa suka yi watsi da gyaran da zai buɗe wa Shugaba Obasanjo ƙofar tazarce.

Sai dai, a ganina, wannan tsari yana ƙara rauni gwargwadon kusantarsa da talaka. Majalisun jihohi galibi 'yan amshin shatan gwamna ne, ƙananan hukumomin jihohi kuwa hukumar zaɓen jiha ce ke gudanar da zaɓensu, wadda gwamna ke naɗawa, shi ya sa jam'iyyarsa kan lashe kusan kowace kujera. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanninsu ya naɗa kantomomi.