Na'urorin Da Ke Kashe Fitila Da Kansu: Amfaninsu Da Inda Gizo Ke Saƙa

A watan Agusta na shekarar 2021, wani abin mamaki ya faru a wata babbar makarantar sakandare mai suna Minnechaug, a garin Wilbraham na Jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Fitilun makarantar, kimanin guda 7,000, suka ƙi mutuwa. Dare da rana suna ci, ko da ɗalibai ko babu, ko ranar aiki ko lokacin hutu, har tsawon wajen shekara ɗaya da rabi.

Dalili kuwa shi ne, sa'ad da aka gina makarantar, shekaru kimanin goma kafin nan, an danƙa ragamar fitilun duka a hannun wata manhaja ta kwamfuta, domin ta riƙa rage haskensu ko kashe su idan babu bukata, a sami sauƙin kuɗin wuta. Da manhajar ta lalace, sai aka rasa ta inda za a kashe su. Kamfanin da ya haɗa kayan ya riga ya sauya hannu fiye da sau ɗaya, kayan gyara kuma suka yi jinkiri saboda annobar korona. Malamai suka koma cire ƙwayayen fitila da hannu a wasu ajujuwa. Ba a shawo kan al'amarin ba sai a watan Fabrairu na 2023, bayan an yi asarar dubban daloli kowane wata.

Wannan labari na makaranta ne, amma irin dabarar da ta jefa ta cikin wannan hali ita ce magidanta a ƙasashe da yawa ke sakawa a gidajensu, watau tsara wa kwamfuta umarni domin ta riƙa kashe fitila da kanta. Don haka ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, da inda yake tuntuɓe, da kuma lissafin da zai nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Asalin Dabarar

Tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje, Turawa suna da hanyoyin hana fitila ci a banza. A gidajen haya masu hawa da yawa na Faransa da Jamus, an daɗe da sanin makunnin da ake dannawa a matakalar bene, fitila ta kama na 'yan mintoci, kana ta mutu da kanta. Fitilun kan titi kuma akan haɗa su da wata 'yar na'ura mai jin haske, wadda ke kunna su da almuru, ta kashe su da wayewar gari.

A shekarar 1966 wani injiniya na kamfanin Westinghouse a birnin Pittsburgh, mai suna Jim Sutherland, ya harhaɗa wata kwamfuta a gidansa wadda ya kira ECHO IV, don ta taimaka da lissafin gida da sarrafa wasu kayan lantarki. To amma ba a taɓa sayar da ita a kasuwa ba. Abin da ya fara isa hannun jama'a shi ne tsarin X10, wanda kamfanin Pico Electronics na garin Glenrothes a Scotland ya ƙirƙiro a 1975, aka fara sayar da kayansa a Amurka a 1978. Hikimarsa ita ce aika saƙo ta cikin wayoyin lantarkin da ke jikin gini, ba sai an ja sabuwar waya ba. Kowace fitila ana ba ta harafi ɗaya daga A zuwa P, da lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, watau adireshi 256 ke nan. Rauninsa shi ne, kayansa na farko ba su mayar da amsa. Idan an ba da umarnin kashewa saƙon ya ɓace a hanya, babu mai sani sai an ga fitilar tana ci.

Daga baya aka koma aika saƙon ta iska, da tsare-tsare irin su Zigbee da Z-Wave. A 2012 kamfanin Philips ya fito da ƙwan lantarki mai suna Hue, wanda ake sarrafawa da wayar hannu. A 2013 wani ɗan ƙasar Holan, Paulus Schoutsen, ya soma rubuta manhajar Home Assistant, wadda kowa ke iya ɗauka kyauta ya saka a ƙaramar kwamfuta a gidansa. A 2022 kuma manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Amazon da Samsung suka fito da wani tsari na haɗin gwiwa mai suna Matter, domin kayan wannan kamfani su riƙa jin maganar na wancan.

Yadda Ake Tsara Umarnin

Kowane umarni a irin waɗannan manhajoji yana da ƙafa uku. Ta farko ita ce sababi, watau abin da idan ya faru umarnin zai farka. Ta biyu ita ce sharaɗi, watau abin da za a duba kafin a zartar. Ta uku ita ce aikin kansa. Alal misali, magidanci na iya rubuta cewa: idan na'urar gane motsi ta zaure ta yi minti goma ba ta ga kowa ba, kuma ƙarfe goma na dare ya wuce, to a kashe fitilar zaure. Rashin motsi shi ne sababi, lokaci shi ne sharaɗi, kashewa ita ce aiki.

Akwai umarnin da ya dogara ga agogo kaɗai, kamar a kashe fitilun waje da ƙarfe shida na safe. Akwai kuma wanda ya dogara ga fitowa da faɗuwar rana, waɗanda manhajar ke lissafawa da kanta muddin an gaya mata inda gidan yake a taswirar duniya. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wuri kamar London, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, amma sai bayan ƙarfe tara na dare a watan Yuni. A Kano kuwa bambancin bai wuce kimanin awa guda ba a tsawon shekara, saboda haka agogo ma ya kusa wadatarwa.

Kunna fitila abu ne mai sauƙi ga na'ura, domin shigowar mutum ɗaki abu ne da ake gani. Kashewa ce mai wuya, domin na'ura ba ta san ko mutum ya gama bukatar haske ba. Yawancin na'urorin gane motsi masu araha suna aiki ne da ɗumin da jikin ɗan Adam ke fitarwa, kuma abin da suke lura da shi shi ne sauyin wannan ɗumi daga wani sashe na ɗaki zuwa wani. Mutumin da ya zauna shiru, a wurinsu daidai yake da kujera. Shi ya sa ɗalibin da ya duƙufa kan littafi, ko ma'aikacin da ke nazarin fayil, zai ga duhu ya rufe shi ba zato, sai ya ɗaga hannu ya kaɗa kafin haske ya dawo. Idan tsoho ne a makewayi ko kan matakala, abin ya wuce ban haushi, ya zama haɗari.

Masu wannan sana'a suna magance matsalar ta hanyoyi da dama. Na ɗaya, ba a ba kowane ɗaki lokaci iri ɗaya: hanyar wucewa minti biyu ko uku ya ishe ta, ɗakin karatu kuwa sai a ba shi minti ashirin ko fiye. Na biyu, lalle ne a tsara umarnin yadda duk lokacin da aka ga sabon motsi ƙidayar za ta koma farko. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da sababbin shiga suka fi yi. Na uku, ana iya sa fitilar ta dusashe na 'yan daƙiƙoƙi tukuna, a matsayin gargaɗi. Na huɗu, akwai sababbin na'urori masu amfani da radar, waɗanda ke iya jin ƙananan motsi har da numfashi, ko da yake su ma fanka ko labulen da iska ke kaɗawa na iya ruɗa su.

Har wa yau akwai tsarin da ake bar wa mutum kunnawa da hannunsa, na'ura kuma ta riƙe kashewa kawai. Dokar gine-gine ta Jihar California ta taɓa tilasta irin wannan makunni a wurare kamar makewayi da gareji na sababbin gidaje. Fa'idarsa ita ce fitila ba za ta kama don kyanwa ta gifta, ko don mutum ya leƙa ɗaki da rana tsaka ba.

Idan An Ɗauke Wuta

Galibin waɗannan kaya an ƙera su ne don ƙasashen da wuta ba ta cika yankewa ba, kuma a nan ne mazaunin Nijeriya ya kamata ya buɗe ido. Ƙwayayen lantarki masu karɓar umarni, da yawansu an yi su yadda da zarar wuta ta dawo sai su kama da cikakken haske, domin ba su iya bambance dawowar wuta da danna makunni. Ke nan idan an kawo wuta ƙarfe biyu na dare, gida duka zai haske a kan masu barci. Wasu kamfanoni sun ƙara zaɓin da zai sa ƙwan ya koma halin da yake kafin yankewar, amma sai mai gida ya shiga ya zaɓa da kansa.

Bugu da ƙari, ita kanta kwamfutar da ke ƙidayar mintocin tana mantuwa. A manhajar Home Assistant, idan ana cikin ƙidayar minti goma kwamfutar ta mutu ta sake tashi, wannan ƙidaya ta tafi ke nan, fitilar kuwa za ta yi ta ci har sai wani ya sake wucewa. Maganin wannan shi ne a rubuta umarni na biyu, wanda zai bi ɗakuna ya duba duk lokacin da kwamfutar ta tashi, ya kashe abin da ke ci ba kowa. Haka kuma yana da kyau a ɗora kwamfutar a kan ƙaramin batir.

Sai kuma batun intanet. Wasu kayan ba su zartar da umarni sai saƙo ya je kwamfutocin kamfani a wata ƙasa ya dawo. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba tare da gargaɗi ba, masu kayansa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki, sai bayan wajen wata biyu da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Saboda haka tsarin da ke yanke hukunci a cikin gida, ko da intanet ko babu, shi ya fi aminci.

Lissafin Riba Da Asara

Ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, idan aka bar shi yana ci awa goma kowane dare, zai sha yunit 18 a wata. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Bisa wannan farashi, ƙwai ɗaya tak ya ci naira 4,050 ke nan. Amma ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusa da na wancan, yunit 2.7 kacal zai sha, kimanin naira 600.

To, na'urorin tsimin su ma suna shan wuta, kuma ba su hutawa. A ce ƙaramar kwamfutar da ke riƙe da manhajar tana cin wat 4. A wata guda ta sha kusan yunit 3, watau fiye da abin da ƙwan LED ɗin zai ɓarnatar ko da an manta da shi kowane dare. Kowane ƙwai mai karɓar umarni kuma yana ɗan tsotsar wuta ko da a kashe yake, domin yana sauraron saƙo. Don haka a gida mai ɗaki biyu ko uku, sauya ƙwayaye zuwa LED ya fi kowace manhaja kawo sauƙi. Idan akwai wurin da ake yawan mantuwa, kamar makewayi ko tsakar gida, makunni ɗaya mai gane motsi ko mai jin haske ya wadatar, ba sai an sayi kwamfuta ba.

Lissafin yakan juya idan fitilu sun yi yawa. A ɗauki ofis mai dogayen fitilu 40, kowace wat 36, a ce an ɗauke wuta ranar Jumma'a da rana, ma'aikata suka tashi ba wanda ya tuna da makunni, domin ɗakin ya riga ya yi duhu. Idan wuta ta dawo ƙarfe huɗu na yamma ta zauna har ƙarfe takwas na safiyar Litinin, awa 64 ke nan, yunit 92 sun salwanta, fiye da naira 20,000 bisa wancan farashi, alhali babu wanda ya amfana. Haka nan gidan da ke dogara ga batir da hasken rana, inda fitilar da aka manta da ita da dare ke iya cinye abin da aka tanada don fanka ko firji. A irin waɗannan wurare na'urar tana biyan kuɗinta. Sai dai a lura, dogayen fitilu irin na da suna saurin lalacewa idan ana yawan kunna su da kashewa, don haka akan ba su lokaci mai tsawo, kamar minti 15. LED kuwa wannan bai dame shi ba.

Ko yaya dai aka tsara, akwai ƙa'ida guda da bai kamata a saki ba: kowace fitila ta kasance da makunninta na bango, wanda yaro ko baƙo ko tsohuwa za su iya dannawa ya yi aiki, ko manhaja na da rai ko ta mutu. Rashin wannan ne ya sa mutanen Wilbraham suka shafe wata goma sha takwas suna biyan kuɗin hasken da ba su nema ba. Duk wanda zai saka irin waɗannan kaya a gida ko a ma'aikata, kafin ya sa hannu a takarda, ya kamata ya tambayi mai haɗawa: idan kwamfutar ta tsaya, da me za a kashe fitilar?